Furen Tanti Odil da Daminar Rufe Iyaka

Tun shekaranjiya ruwa bai ɗauke ba a nan Zango. Ruwan Kwatano ba irin na garinmu ba ne, mai zuwa da iska da tsawa ya zuba ya wuce. Shi zama yake yi, kamar baƙon da ya taho da tabarmarsa. Jikokina suna ta mita wai takalmansu sun jiƙe a hanyar lakwal, wato makaranta, alhali yanzu an shimfiɗa wa titinmu duwatsu, ga kwata mai murfi tana janye ruwa. Ni kuwa da na zauna a baranda na shaƙi warin jiƙaƙƙen yashi da hayaƙin gawayin da ya ƙi kamawa, sai hankalina ya koma daminar da aka rufe iyaka, zamanin mulkin juyin-juya-hali, lokacin ina da cikin fari.

Daga Ɗambatta aka kawo ni amarya, ban kai ashirin ba. Maigidana, wanda nake kira Malam, atamfa yake sayarwa a Dantokpa, babbar kasuwar nan ta bakin ruwa, kuma yawancin masu sayen kayansa fataken Najeriya ne. Muna zaune a gidan haya, ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida yashi zalla. Rijiyarmu ko igiyar kirki ba ta buƙata, sunkuyawa kawai za ka yi ka ɗebo, sai dai ruwan na zartsi ne. Komai na garin mamaki yake ba ni. Damina biyu a shekara ɗaya. Gishiri ya narke a kwano ba wanda ya taɓa shi. Ashana ta yi sanyi ta ƙi kamawa. In ka kunna rediyo kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, daga minista har mai tura amalanke.

Mata biyu ne suka riƙe ni a gidan. Ta farko Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifin Malam, wadda mijinta ya rasu, tana sayar da koko da ƙosai a bakin lungu. A hannunta mahaifiyata ta danƙa ni ranar da za mu taho. Mace ce mai faɗa da kuma kyauta, kuma duka biyun ba ta iya yin su kaɗan ba. Ta biyu Tanti Odil, 'yar ƙabilar Fon, tela ce, mijinta malamin lakwal. Su kaɗai ne ba Musulmi ba a gidan. Ɗakinsu yana can ƙarshe, ya fi na kowa tudu, domin mijin ya ƙara masa bulo da siminti tun shigarsu. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta bambanta mace da namiji, amma muna fahimtar juna.

A ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin indararo, ta kafa katakai hawa-hawa kamar matakala, ta jera gwangwanaye a kai: na tumatir, na madara, har da tsohuwar buta da fasasshen kwano. Kowanne da shukarsa. Wannan abu ya tsaya mini a rai. A garinmu in mace ta shuka abu a gida, to ko dai na miya ne kamar zogale, ko na ado kamar lalle, ko na inuwa. Ban taɓa ganin mai ban-ruwa ga abin da kallo kawai za a yi masa ba. Kullum in na gama shara sai in ƙirƙiri dalilin zuwa wajenta, ko aron allura ko tambayar sunan wani abu da Faransanci, in tsaya ina kallo.

Cikin shuke-shuken akwai masu laulayi, waɗanda take lallaɓawa kamar jarirai, da wata fara mai ƙamshi in magariba ta yi. Amma wadda ta fi ja na ita ce wata mai ganye shunayya, dogaye, karanta gaɓa-gaɓa kamar ɗan ƙaramin rake, kuma da an taɓa shi sai ya karye. Furenta ɗan mitsitsi ne ruwan hoda mai kunnuwa uku. Da hantsi za ka gan shi a buɗe, kafin azahar ya yanƙwane ya narke, gobe kuma wani ya fito. Na tambayi sunanta. Tanti ta yi dariya ta ce mizer, wato wahala da Faransanci. Na ce wahala kuma? Ta ce wasu suna cewa don ko yaya aka wahalar da ita ba ta mutuwa ne, wasu kuma suna cewa don in ta shiga gidan mutum ba ta fita. Ita dai ba ta san mai gaskiya ba. Ta karya reshe ɗaya ta miƙo mini, ta ce in gwada kashe shi in gani.

Na kuwa gwada. Na gutsuttsura shi, na sa guntu ɗaya a kofin ruwa, ɗaya na soka a yashi, ɗaya na ajiye kan kwanon rufin banɗaki inda rana ke gasa shi. Na kofin ya fitar da fararen jijiyoyi daga gaɓarsa kafin mako ya zagayo. Na yashin ya kwanta kamar ya mutu, sannan ya ɗaga kai. Na kan kwanon ma, da na tuna da shi na sauko da shi a yamushe na binne, sai ga toho. Na lura wanda ke rana ya fi duhun launi, na inuwa kuwa yana komawa kore. Wata rana muna dawowa daga awo ta bakin layin dogo, na hango balasa, ciyawar nan mai shuɗin fure da muke tsinko wa awaki a gida. Na tsuguna da ƙyar saboda ciki, na duba karanta, gaɓa-gaɓa ne, mai yauƙi, furenta ma da rana ta take ya rufe. Na kawo wa Tanti na haɗa su gefe da gefe, na ce wallahi waɗannan 'yan uwa ne, ɗaya ta zo birni ne kawai ta yi ado. Ta daɗe tana jujjuya su a hannu. Daga ranar ta ba balasa gwangwaninta a hawa na ƙasa.

Kafin damina ta kankama aka rufe iyakar Najeriya. Da farko maza suka ce abin na kwana kaɗan ne. Sai ga shi an canja kuɗin can, wanda ke hannun 'yan kasuwa a nan ya zama takarda, fatake kuma suka daina zuwa. Malam yakan fita da safe ya dawo da la'asar, ya rataye hularsa, mu kuwa ba ma tambayar sa labarin kasuwa. Ni abin da ya fi damuna daban ne. Bisa al'ada gida zan tafi in haihu a gaban mahaifiyata, ta yi mini wankan jego. An riga an ɗinka mini kayan tafiya. Akwai masu bi ta daji ko ta kwale-kwale, amma Malam ya ce ba zai saka mai tsohon ciki a wannan hanya ba. Sai na kwance ƙunshina na mayar cikin akwati.

Azumi ya kama a tsakiyar wannan hali. Shinkafa ta bar gidanmu, nama ya zama labari. Ana buɗa baki da kunu tsararo, a bi da garin rogo da ɗan ƙuli-ƙuli. Ni ban yi azumin ba saboda ciki, kuma nakan ji kunyar cin rabona da rana a gaban masu ƙishirwa. Rediyo kullum kira yake kowa ya noma abin da zai ci, delege, wato mai unguwa, kuma ya bi gida-gida yana cewa kada a bar fili a banza. Sai matan gidan muka haɗa hannu. Muka ɗauko takin tumaki a ka daga turken masu sayar da raguna, muka cakuɗa da yashi, muka yi kunya a tsakar gida, muka shuka masara da kuɓewa da yakuwa. Masu ƙarfi suna haƙa, ni aikina zuba iri da korar kaji. Ban taɓa ganin shuka mai saurin fitowa haka ba, kamar ana jan ta daga sama. Kafin ta isa ci, Gwaggo ta tuna cewa a shekarar yunwa suna yara sun ci balasa. Muka riƙa zuwa bakin layin dogo da kwando, a dafa ta, a matse, a yi kwaɗo. Tana da yauƙi, ba ta da wani daɗi, amma tana cika ciki.

A wannan lokacin ne Gwaggo ta ji ma'anar sunan furen. Ni ce na faɗa mata, ina tsammanin za ta yi dariya. Ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta dubi gwangwanayen da na jera a ƙofar ɗakinmu, waɗanda a lokacin sun cika sun zubo.

Ta ce, "Kowa yana roƙon Allah ya raba shi da wahala, ke kuma kin shuka ta a ƙofar ɗaki kina ba ta ruwa, da ciki a jikinki?"

Na ce suna ne kawai. Ta ce ai suna linzami ne, kuma tun da abin nan ya shigo ɓangarenmu ba a ga alheri ba. Ta tuge su kaf ta kai juji a bayan gida ta watsar. Tanti ta fito tana tambayar laifin shuka, magana ta yi tsawo, kowacce ta faɗi abin da bai kamata ba, ɗaya da Hausa ɗaya da harshen da ya zo bakinta. Daga ranar suka daina gaisawa. Ni na shiga tsaka mai wuya. Gwaggo uwa ce a wurina, ba zan ƙetare maganarta ba, don haka gaisuwata da Tanti ta koma ta ido da ɗaga gira in mun haɗu a bakin rijiya.

Ruwan gaske ya sauko a goman ƙarshe na azumi. Ƙasar Kwatano ba ta shan ruwa in ta ƙoshi, daga ƙasa ma wani yake ɓulɓulowa. Da farko tsakar gida ta cika, sannan ya haura dokin ƙofa. Muka ɗora gadaje kan bulo, muka rataye tabarmi da buhun gari a jikin rufi. Murhu ya koma cikin rabin tsohuwar ganga a kan tebur, kuma wuta ɗaya ake hurawa gidan duka, kowa ya kawo tukunyarsa bi da bi. Rijiya ta haɗe da ruwan lungu, sai muka koma tarar na sama a bakin indararo. Tufafi ba sa bushewa, bango ya yi kore, tsakanin yatsun ƙafarmu ya yi fari ya tsage. Kwaɗi suna kuka har da rana. Masararmu da ta kai ƙugu ta yi rawaya ta kwanta, kuɓewa ta ruɓe a tsaye. Ranar Sallah maza suka tafi idi da wanduna a naɗe har gwiwa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, naƙuda ta taso. Mota ba ta shiga lungunmu, sai a amalanke Malam da maƙwabta suka tura ni zuwa babban titi, Gwaggo tana biye da laima tana addu'a tana kuma yi musu faɗa su bi a hankali. Na haifi mace a asibiti, lafiya lau. Da muka dawo, ruwan ɗakinmu yana iya idon sawu, sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin gado. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida da jaririya a hannu, ta rasa inda za ta nufa, domin nata ɗakin ya fi namu muni. Sai Tanti Odil ta ɗaga labulenta. Ba ta dubi Gwaggo ba, ni ta duba, ta ce a kawo ni nan. Ta riga ta tura mijinta wajen ɗan'uwansa a unguwar Akpakpa, ta jingine keken ɗinkinta a kusurwa, ta shimfiɗa sabon zane a gado. Gwaggo ta nufi ɗakin da jaririyar. Ta hau dakalin ƙofar, ta wuce ta gefen gwangwanayen tana tattare zanenta don kada ganye ya taɓa ta.

Wankan jego safe da yamma ake yin sa, da tafasasshen ruwa babbar tukunya, kuma ba abin da yake cin itace kamarsa. Itace kuwa babu. Motocin da ke kawo shi daga ƙauye sun daina shigowa, wanda ke wajen masu sayarwa ya jiƙe sharkaf, gawayi ya zama laka. Gwaggo ta ƙona karyayyar kujerarta, ta ƙona muciyar da ta tsage, ta ƙona kwalaye da ɓawon kwakwa mai hayaƙi kamar zai makantar da mutum. Ranar suna ma ba a yi wani taro ba, liman da 'yan tsirarun maza suka tsaya a bakin titi aka raɗa wa yarinya Hauwa'u.

Washegarin suna aka wayi gari ba ko tsinke. Ina kwance ina hango Gwaggo ta ƙofa, tana zaune a gaban tukunyar ruwan sanyi ta haɗa kai da gwiwa. Tanti ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata. Gwaggo ta ji mu, ta amsa ba tare da ta juyo ba, ta ce amana aka ba ta, in sanyi ya shiga jikin yarinyar nan ya nakasa ta, da wane ido za ta kalli uwarta. Wannan ce magana ta farko da ta shiga tsakaninsu tun rigimar. Tanti ta ce su ma a wajensu ana gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi, ta san abin da ake nufi.

Ta ɗaure zanenta ta fita. Sai na ga tana sauke gwangwanayenta ɗaya bayan ɗaya. Ba inda za ta ajiye su, dakalin ɗan siriri ne, ɗakin kuma cike yake da kayanmu da nata. Sai ta riƙa dasa su a tsakar gida cikin ruwa, wasu ruwan ya kai bakinsu, wasu ya shanye su gaba ɗaya. Katakan nan da ke ƙarƙashin indararo su kaɗai ne busasshen itace da ya rage a gidan. Ta ɓanɓare na farko ta ɗauko adda.

Gwaggo ta ce, "Za su mutu fa."

Tanti ta ce, "Wasu za su mutu. Kawo ashana."

Har yau ina tuna ƙamshin wutar nan, na tsohon fenti da busasshiyar ƙasa. Su biyu suka riƙa tattalin katakan, kullum a faskara kaɗan, a haɗa da jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa don ya daɗe. Gwaggo tana tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini, ina ihu, Tanti tana riƙe da Hauwa'u tana yi mata waƙa da harshensu. Katakan suka kai mu har ranar da motar itace ta farko ta samu shigowa.

Ni kuwa da yake ba ni da aikin yi sai shayarwa, na mai da kallon gwangwanayen nan sana'a. Masu laulayin su suka fara tafiya, ganye ya zube ya bar tsinke baƙi. Farar nan mai ƙamshi ta yi ƙoƙari, sannan ita ma ta bi su. Tanti ta ce tun tana amarya take rainon ta. Mizer kuwa gindinta ya ruɓe, amma kawunan suka gutsure suka yi ta yawo a kan ruwa kamar ƙananan jirage. Duk wanda ya maƙale a tsagar bango ko gefen dakali sai ya kafa jijiya a nan. Wata safiya na ga fure ɗaya ya buɗe a kan guntun da ko ƙasa bai taɓa ba. Na kira Tanti ta gani, na tambaye ta abin da yake ci. Ta ce ita ma tambayar da take yi ke nan.

Iyakar ba ta buɗe ba sai da Hauwa'u ta fara gudu. Malam ya bar atamfa ya koma sayar da albasa, kuma a kanta ya tsufa. Mahaifiyata ba ta ga jikarta ba sai da yarinyar ta iya gaishe ta da bakinta. Amma ruwa shi ya janye tun kafin in yi arba'in. Aka shiga 'yan makonnin nan na sanyi da iskar teku da ke raba damina biyu, muka fito da komai rana, muka kankare bango, na koma ɗakinmu. Ranar da na fara zagayawa bayan gida zubar da shara na tsaya turus. Jujin nan da Gwaggo ta watsar da shukata, da yake tudu ne, ya rufe ruf da shunayya, har ta fara gangarowa tana bin katanga.

Ban gaya wa kowa ba. Ashe Gwaggo ta riga ni gani. Bayan kwana biyu ta dawo daga Dantokpa da tsofaffin akwatunan tumatir a ka, waɗanda ta roƙo wajen 'yan gwari. Ta tsare Malam da guduma, ta sa shi ya ɓalle su ya kafa sababbin katakai a ƙofar Tanti, tana tsaye a kansa tana cewa wannan ya karkace, wancan bai kai na da tsawo ba. Ta wanke gwangwanayen da suka tsira, ta cika su da yashi da taki. Sannan ta zagaya bayan gida, ta dawo da ƙunshin mizer cike da haɓar zanenta, ta zauna a kan turmi tana kakkaryawa tana sokawa. Da ta cika na Tanti, ta ajiye gwangwani biyu a ƙofar ɗakina. Tanti tana zaune a bakin keken ɗinkinta, ƙafarta ta tsaya, tana kallo.

Na kasa haƙuri, na ce, "Gwaggo, ba ke kika ce kada a shuka ta a ƙofar ɗaki ba?"

Ta ce, "Har gobe ban ce ina son sunanta ba. Amma wanda kuka sha ruwa ɗaya da shi ba a barin sa a juji."

Sannan ta fara susar hannu. Ashe ruwan karan yana sa ƙaiƙayi in ya yi yawa a fata, abin da duk binciken da na yi ban gano ba, Tanti kuma ta sani ta yi shiru. Hannuwan Gwaggo suka yi jawur har gwiwar hannu. Tanti ta tashi tana danne dariya, ta shiga ɗaki ta ɗauko man kaɗe, ta tsuguna a gabanta. Gwaggo ta harare ta, ta harare ni, sannan ta miƙa mata hannuwan duka biyu.